Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Jagorar Zuba Jari a Kasuwar Indiya da Haɗurran da Ke Cikinta

Ka tsaya minti biyar kacal a shataletalen Dangi a Kano, ka karanta sunan da ke jikin baburan A Daidaita Sahu da ke wucewa. Bajaj, TVS, Bajaj, Bajaj, duk kamfanonin Indiya. Ka shiga kemis ka juya bayan kwalin magani, sau da yawa Mumbai za ka gani, ko Ahmedabad, ko Hyderabad. Layin Airtel da ke cikin wayarka ma uwar kamfaninsa tana Delhi. Shi ya sa ban yi mamaki ba ranar da wani ƙanena mai sayar da kayan gyaran babur ya miƙo mini wayarsa bayan la'asar, yana nuna mini wani koren zane da ke ta hawa sama, ya ce, "Yaya, mu ne fa muke saye, su suna kwasar riba. Me zai hana ni ma in mallaki wani abu a can?"

Babu abin da zai hana, kuma tunaninsa yana kan hanya. Indiya ta wuce Ingila ta zama ta biyar a girman tattalin arziki a duniya a 2022. A 2023 ta wuce Caina a yawan jama'a, da mutum sama da biliyan 1.4, galibinsu matasa. Tattalin arzikinta ya ƙaru da sama da kashi 8 cikin 100 a shekarar kuɗi ta 2023/24, sannan da kashi 6.5 a wadda ta biyo baya. Ƙasar da a 1991 ta kai ga jinginar da tan 67 na zinarinta don ta samu dalar sayo kaya, ita ce yau take da ɗaruruwan biliyoyin daloli a ajiye. Duk wannan gaskiya ne. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, arzikin ƙasa daban, ribar da za ta shigo aljihunka daban, kuma tsakaninsu akwai ƙofofi da yawa da kuɗi ke zubewa.

Mataki na farko: raba haɓakar ƙasa da ribar mai hannun jari

A nan yawancin mutane suke yin tuntuɓe, don haka zan daɗe a kai. Mutum ya ji a rediyo cewa ƙasa kaza tana haɓaka da kashi 7, sai ya ɗauka duk wanda ya sayi hannun jari a can ya gama cin kasuwa. Dubi Caina. A watan Oktoba na 2007 ma'aunin kasuwar Shanghai, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jarinta a dunƙule, ya haura maki 6,000. Daga lokacin zuwa 2024 tattalin arzikin ƙasar ya ninka kusan sau biyar in aka auna da dala, an gina birane da layukan dogo da masana'antu ba iyaka, amma ma'aunin ya ƙare 2024 a wajen 3,350. Wanda ya saya a ƙololuwa ya shekara 17 yana kallon ƙasar tana bunƙasa, uwar kuɗinsa kuwa ba ta dawo daidai ba. Ɗan rabon ribar da ya riƙa karɓa duk shekara ya rage masa zafi, amma ba abin da ya shiga dominsa ke nan ba.

Me ke jawo haka? Na farko, kaso mai yawa na haɓakar yana zuwa ne daga gonaki da ƙananan sana'o'i da sababbin kamfanonin da ba su shiga kasuwar hannayen jari ba. Na biyu, kamfanonin da ke cikin kasuwar suna yawan fitar da sababbin hannaye don tara kuɗin faɗaɗa aiki, sai ya zama tuwon ya ƙaru amma masu ci ma sun ƙaru. Na uku, kuma shi ne babba: labarin da ka ji yau, manyan masu kuɗi na Landan da New York sun ji shi tun shekaru, sun riga sun saka shi cikin farashi. Kamar ragon layya ne ana jibi salla. Rago mai kyau ne, ba wanda ya musa, amma farashin ranar ba farashin mai son kiwo ba ne.

Akwai lissafi ɗaya mai sauƙi da zai nuna maka tsada ko araha: ka raba farashin hannu ɗaya da ribar da kamfanin ya samar wa hannun a shekara. In hannu yana rupi 1,000 (rupi shi ne kuɗin Indiya), ribarsa rupi 50, ka biya ninki 20 ke nan. A 2024 manyan kamfanonin Indiya suna tafiya a kan sama da ninki 20, yayin da matsakaicin kasuwanni masu tasowa yake wajen 12 zuwa 13. Tsadar tana da dalili, don kamfanonin Indiya da yawa sun iya juya jari. Amma wanda ya biya tsada ya rage wa kansa filin kuskure, labari mara daɗi kaɗan ya isa ya girgiza shi.

Kada kuma in yi wa kasuwar rashin adalci. Ma'aunin Sensex na kasuwar BSE ta Mumbai, wadda aka kafa tun 1875, ya faro ne daga maki 100 a 1979, ya haura 80,000 a watan Yuli na 2024. Masu haƙuri sun ci riba mai yawa. Sai dai hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce, kuma baƙo ba ya karɓar ribarsa da rupi. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na biyu: ware kuɗin da ya cancanci tafiya

Jarin shago ba ya zuwa Indiya. Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, kuɗin aikin Hajji da aka riga aka sa wa rana, kuɗin adashin mutane, duk ba sa zuwa. Bashi kuwa ko kusa. Ka fara ajiye abin da zai riƙe gida wata shida, sannan ka dubi rarar da ba za ka nema ba nan da shekara biyar zuwa bakwai. Daga cikin rarar nan, a ganina kashi 10 cikin 100 ya isa ga ƙasa ɗaya mai tasowa, komai daɗin labarinta. Ka gwada kanka da tambaya ɗaya: in na wayi gari kuɗin nan ya koma rabi, zan iya barci? In amsar a'a ce, ka rage.

Mataki na uku: zaɓi ƙofar shiga

Ba za ka iya zama a Sabon Gari ka buɗe asusu a kasuwar Mumbai kamar yadda ɗan Indiya ke yi ba. Baƙon da ba ɗan asalin ƙasar ba sai ya yi rajista a ƙarƙashin dokokin SEBI, hukumar da ke sa ido kan kasuwar, ta hannun wani banki mai lasisi, ya karɓi lambar haraji, ya cike takardu masu yawa, ya biya kuɗaɗe da dala. An tsara hanyar ne don manyan cibiyoyi da attajirai. Ga mai dala 500 ko 5,000, hanyoyi biyu ne suke da ma'ana, kuma duka ta kasuwannin Amurka ko Turai suke bi.

Ta farko ita ce kwandon hannayen jari, wanda ake kira ETF. Wani kamfani ne yake sayen hannayen kamfanonin Indiya da yawa ya zuba a kwando ɗaya, kai kuma ka sayi yanki na kwandon. Fitattu a Amurka sun haɗa da iShares MSCI India mai alamar INDA, da Franklin FTSE India mai alamar FLIN, da WisdomTree India Earnings mai alamar EPI. Kowanne yana cire ladansa duk shekara daga cikin dukiyar: INDA yana cire sama da kashi 0.6 cikin 100, FLIN kashi 0.19. Bambancin kamar ba komai, amma a shekara goma yana taruwa. Ka kuma sani cewa kwandon yana biyan harajin ribar jari a Indiya kafin abin ya iso gare ka, kuma a watan Yuli na 2024 gwamnatin ta ɗaga wannan haraji zuwa kashi 20 ga abin da aka sayar kafin shekara, da kashi 12.5 ga wanda ya wuce shekara. Shi ya sa za ka ga ma'aunin kasuwa ya hau da kaza, kwandonka ya hau da ƙasa da haka.

Ta biyu ita ce sayen kamfani ɗaya ta takardar wakilci da ake kira ADR, wadda ake cinikinta da dala a New York. Kamfanonin Indiya da ke da ita ba su da yawa: Infosys da Wipro masu harkar manhajar kwamfuta, Dr. Reddy's mai magunguna, sai bankunan HDFC da ICICI. Bajaj da TVS da ƙanena yake so ba sa cikinsu. Tata Motors ma ya janye tasa a Janairun 2023. Sai dai ka same su a cikin kwando.

Saura dillali. A Najeriya manhajoji irin su Bamboo da Trove suna haɗa mutum da dillalan Amurka. Kafin ka tura ko sisi, ka shiga shafin hukumar SEC ta Najeriya da kanka ka duba ko sunan kamfanin yana cikin masu rajista, kada ka yarda da hoton satifiket da aka turo a WhatsApp. Ka karanta yarjejeniyar ka ga sunan dillalin Amurka da yake riƙe da hannayen a zahiri, ka tabbatar yana ƙarƙashin inshorar SIPC, wadda take kare mai asusu har dala 500,000 in dillalin ya durƙushe. Ba ta biyan asarar faɗuwar farashi, wannan taka ce. Ka kuma tabbatar kwandon da kake so yana kan manhajar, don ba kowacce ke da kowane ba.

Akwai haɗarin da ke gida ma. A watan Agusta na 2021 Babban Bankin Najeriya ya samu umarnin kotu na rufe asusun bankin wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni na kwana 180, bisa zargin keta dokokin canji. Daga baya an buɗe, kuma hannayen mutane suna can Amurka ba a taɓa su ba, amma wanda yake da buƙatar gaggawa a makonnin nan ya ga tashin hankali. Mutanen Nijar da sauran masu amfani da sefa su fara da bankinsu, don fitar da kuɗi zuwa wajen yankin yana da ƙa'idojinsa.

Duk wanda kuwa ya zo maka da "jarin Indiya" ko "jarin Dubai" mai biyan kashi 20 ko 30 duk wata, ka kama gabanka. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025. Kasuwar gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin riba.

Mataki na huɗu: tace halal da haram tun kafin saye

Ga Musulmi wannan ba abin da za a bari sai daga baya ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Nifty 50, ma'aunin manyan kamfanoni 50 na kasuwar Indiya, bankuna ne da kamfanonin ba da rance, waɗanda kuɗin ruwa ne ginshiƙin kasuwancinsu. Duk kwandon da ke bin kasuwar gaba ɗaya yana ɗauke da su, har da masu sayar da taba ko giya. Ƙa'idar cibiyar AAOIFI ta Bahrain, wadda malaman harkar kuɗi da yawa suke bi, ta ce a fara duba ainihin sana'ar kamfani. In halal ce, sai a duba bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigarsa na haram kuma kada ya wuce kashi 5, sannan mai hannun ya fitar da wannan kason daga ribarsa ya bayar. Kamfanonin manhaja da na magunguna sun fi tsallake wannan rariya, amma alƙaluman suna canzawa, sai an riƙa dubawa duk shekara. A Landan akwai kwandon iShares MSCI EM Islamic da ya tattaro kamfanonin ƙasashe masu tasowa da suka tsallake tacewa, Indiya tana da kasonta a ciki. Ka ɗauki jerin kamfanonin da ke cikin duk abin da za ka saya ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ka tambaye shi har da yadda za ka fitar da zakka.

Mataki na biyar: lissafa canji, don kuɗi uku ne tsakaninka da jarinka

Naira za ka mayar dala, dala ta koma rupi, ranar fita kuma a biyo hanyar a dawo. Kowace gaɓa tana iya ƙara maka ko ta rage.

Ga misalin da nake so kowa ya haddace. A Janairun 2008 Sensex yana wajen 21,000, dala ɗaya tana rupi 39. Rikicin tattalin arzikin duniya ya zo, ma'aunin ya gangaro wajen 8,000 a Maris na 2009. Sai a ƙarshen 2013 ya koma 21,000 ya tsaya da ƙafarsa. Ɗan Indiya ya ce alhamdulillahi, kuɗina ya dawo. Baƙo fa? A lokacin dala ta koma rupi 62. Wanda ya saka dala 1,000, wato rupi 39,000, ya jira kusan shekara shida, in ya canza zai karɓi wajen dala 630. Kasuwa ta dawo daidai, shi kuma ya rasa fiye da sulusin kuɗinsa. A ƙarshen 2024 dala ta haura rupi 85. Rupi ba kasafai take faɗuwar farat ɗaya irin ta naira ba, zaizayewa take yi a hankali, kashi uku ko huɗu a yawancin shekaru, saboda hauhawar farashi a Indiya galibi ta fi ta Amurka, kuma ƙasar tana sayo sama da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen manta daga waje. Don haka duk ribar da ka ji an faɗa da rupi, ka zabge mata wannan kafin ka yi murna.

Ta ɓangaren naira, mun saba ɗauka cewa riƙe dala kullum riba ne, musamman bayan Yunin 2023 da aka saki farashin canji ya tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700, ya zarce 1,500 a farkon 2024. Amma 'yan canjin Wapa a Kano za su ba ka labarin waɗanda suka sayi dala sama da naira 1,800 a Fabrairun 2024, zuwa tsakiyar Afrilu ta dawo wajen 1,100. Wanda ya shiga da kuɗinsa duka a makon tsoro, ya yi asarar fiye da sulusi tun bai sayi hannu ko ɗaya ba.

Mataki na shida: san irin guguwar da ke tasowa a can

Kuɗin baƙi shi ne na farko. Manyan masu jari na waje suna shiga tare, suna fita tare, kuma abin da ke kora su sau da yawa ba a Indiya yake faruwa ba. A watan Mayu na 2013 shugaban babban bankin Amurka, Ben Bernanke, ya nuna alamar za su rage zuba kuɗi a kasuwa. Kafin ƙarshen Agusta rupi ta zube daga wajen 54 zuwa 68 a kan dala, aka jera Indiya da Turkiyya da Brazil da Indonesiya da Afirka ta Kudu a matsayin ƙasashe biyar masu rauni. A Oktoban 2024 kaɗai baƙi sun sayar da hannayen da suka haura dala biliyan 10, kuma daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Maris na 2025 ma'aunin Nifty ya sauka da wajen kashi 16. Abin da ya rage kaifin faɗuwar shi ne 'yan ƙasar da kansu, miliyoyin ma'aikata da ke zuba wani abu duk wata kamar adashi, wanda jimillarsa ta haura rupi biliyan 200 a wata tun Afrilun 2024. Wannan ƙarfi ne na gaske, amma yawancinsu sababbin shiga ne da ba su taɓa ganin faɗuwar shekara biyu a jere ba.

Sai hukuncin gwamnati. Daren 8 ga Nuwamba 2016 Firaminista Narendra Modi ya fito a talabijin ya soke takardun rupi 500 da 1,000, kusan kashi 86 cikin 100 na tsabar kuɗin da ke hannun jama'a. Wanda ya sha layin banki a Najeriya a farkon 2023 ba sai an yi masa bayanin abin da ya biyo baya ba. A 2012 kuma, bayan kotun ƙoli ta ba kamfanin Vodafone gaskiya a wata shari'ar haraji, gwamnati ta gyara doka ta mayar da aikinta baya shekaru da yawa, ba a soke gyaran ba sai 2021. Ranar 4 ga Yuni 2024, da sakamakon zaɓe ya nuna jam'iyyar BJP ta Modi ta samu kujeru 240 kacal, ƙasa da 272 da ake buƙata don kafa gwamnati ita kaɗai, kasuwa ta faɗi kusan kashi 6 a yini ɗaya. Cikin 'yan kwanaki ta farfaɗo, waɗanda suka sayar cikin firgici su ne suka kwana ciki. Daga waje ma iska tana kaɗowa: a Agustan 2025 Amurka ta ɗora harajin kashi 50 kan kayayyakin Indiya da yawa, rabinsa saboda sayen man Rasha. Ga tsamin dangantaka da Pakistan da Caina, ga damina, wadda in ta yi gardama tsakanin Yuni da Satumba farashin abinci yake tashi, cinikin ƙauye ya mutu, har masu sayar da babur da sabulu su ji a jikinsu.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na cikin kamfani, don ba a ganinsa daga nesa. Ranar 7 ga Janairu 2009 shugaban kamfanin manhaja na Satyam, Ramalinga Raju, ya rubuta wasiƙa ya amsa cewa sama da dala biliyan 1 da littattafan kamfanin suka nuna babu su. Hannun ya zube kusan kashi 80 a ranar. Kamfani ne da ake cinikinsa har a New York, manyan masu binciken kuɗi suna sa hannu a lissafinsa duk shekara. A Maris na 2020 babban bankin Indiya ya karɓe ragamar Yes Bank, ya taƙaita cire kuɗi zuwa rupi 50,000, aka kuma kulle kashi 75 na hannayen yawancin masu jari har shekara uku. Paytm, kamfanin biyan kuɗi ta waya, ya shiga kasuwa a Nuwamban 2021 a kan rupi 2,150 ana ta kiɗa, ya faɗi kashi 27 a ranar farko, cikin shekara ya rasa kusan kashi uku cikin huɗu. A Janairun 2023 rahoton kamfanin Hindenburg na Amurka ya zargi rukunin kamfanonin Adani na Indiya da murɗa farashi. Rukunin ya musanta, amma cikin kwana goma darajarsa ta ragu da sama da dala biliyan 100. Kamfanoni da yawa a Indiya iyalan da suka kafa su ne ke riƙe da rinjaye, ƙaramin mai hannu ɗan rakiya ne. Mutumin da ke Kano ko Zinder ba shi da hanyar sanin abin da ake dafawa a ofishin Mumbai. Wannan ne dalilin da ya sa na fi son kwando a kan kamfani ɗaya: in ɗaya ya ruɓe, saura suna nan.

Abu ɗaya kuma ka guje shi gaba ɗaya, wato cinikin hasashen farashi da kuɗin aro, irin wanda ake tallatawa da sunan foreks da makamantansa. Binciken da SEBI ta fitar a Satumban 2024 ya nuna kashi 93 cikin 100 na ɗaiɗaikun masu irin wannan cinikin hasashe a kasuwar hannayen jarin Indiya sun yi asara cikin shekara uku, jimillar asarar ta haura rupi tiriliyan 1.8. Waɗannan 'yan gida ne, masu jin yaren, masu kallon labaran kasuwar kullum.

Mataki na bakwai: saye a aikace

Bayan ka buɗe asusu da BVN da katin shaida, za a ba ka takardar W-8BEN ka cike, wadda ke shaida cewa kai ba ɗan Amurka ba ne. Kada ka fara da babban kuɗi. Tura dala 50, ka sayi yanki kaɗan, bayan mako biyu ka sayar, ka janye kuɗin har ya shigo asusunka na banki. Ka rubuta nawa ka tura, nawa ya dawo, kwana nawa ya ɗauka, da farashin canjin da manhajar ta ba ka a shiga da fita. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne ainihin kuɗin hanya, kuma ya fi abin da aka rubuta a talla. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In hanyar ta yi kyau, ka raba abin da ka ware gida 12, ka riƙa saye rana ɗaya a kowane wata, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Da haka farashin dala da farashin hannun duka za su zo maka a matsakaici. Ka lura da agogo: kasuwar Mumbai tana buɗewa ƙarfe 4:45 na asuba agogon Najeriya da Nijar, ta rufe ƙarfe 11 na safe, ita kuwa New York sai 2:30 ko 3:30 na rana take buɗewa, gwargwadon lokacin shekara. Wato lokacin da kake sayen kwandon, kasuwar da kayan suke ta riga ta tashi, farashin da kake gani ƙiyasi ne. Don haka kada ka saya a mintunan farko na buɗewa, kuma ka yi amfani da umarnin da kai ne kake yanke farashin da ba za ka wuce ba.

Daga nan ka rage leƙe. Sau huɗu a shekara ya isa. Ranar 1 ga Fabrairu ake gabatar da kasafin kuɗin Indiya, a nan ake jin canjin haraji. Babban bankinsu yana zama duk bayan wata biyu kan kuɗin ruwa, burinsa hauhawar farashi ta tsaya a kashi 4. Ka haɗa da farashin ɗanyen mai da na rupi. In kason Indiya ya kumbura ya wuce iyakar da ka sa masa, ka yanke rarar ka mayar wani wuri.

Mataki na takwas: hanyar fita, haraji da gado

Ka rubuta a takarda tun yau abin da zai sa ka sayar: lokacin da ka ɗiba ya cika, ko buƙatar da ka tara dominta ta zo, ko an kafa dokar da za ta hana baƙi fitar da kuɗi. Na ƙarshen nan yana faruwa. A 2022 masu kwandunan Rasha sun wayi gari an dakatar da cinikinsu. Mu ma nan an yi: baƙin da suka zuba jari a kasuwar Legas sun yi shekaru suna layin dala, har FTSE Russell, kamfanin da ke tsara ma'aunan kasuwannin duniya, ya cire Najeriya daga rukuninta a 2023, takwaransa MSCI ya bi sahu a farkon 2024. Indiya ba ta yi wa masu jarin waje haka ba tun da ta buɗe musu ƙofa a 1992, wannan yana cikin abin da ya sa ake biyan ta tsada, amma ka sa ido.

Amurka tana cire kashi 30 cikin 100 na duk rabon ribar da aka biya ɗan Najeriya, don babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu. Ribar da ka samu ta sayarwa ba ta taɓawa, amma ka tambayi akanta abin da dokar ƙasarka ta ɗora maka. Sannan baƙon da ya rasu ya bar dukiyar da ta haura dala 60,000 a hannayen jarin Amurka, harajin gado yana iya hawa kanta. Wanda jarinsa ya doshi wannan adadi ya nemi kwandunan da aka yi wa rajista a Ireland, ana cinikinsu a Landan.

Jarin da ke cikin waya ba shi da shago, ba shi da maƙwabcin da zai shaida. Ka samu takarda ka rubuta sunan manhajar, da sunan dillalin Amurka, da lambar asusun, da imel ɗin da ka yi rajista da shi, da abin da ka mallaka zuwa ranar. Ka sa kwanan wata, ka ajiye tare da takardun gida, ka sanar da mutum biyu cikin magada inda take, ka kuma sabunta ta duk lokacin da ka zauna lissafin zakka.